Yadda za ka sayi sabon bugun faya-fayan Jimi Hendrix da Helmut Zacharias ba tare da kuɗinka sun tafi a banza ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar da na yi maganar faya-fayan nan biyu da suka iso min, ɗaya na Jimi Hendrix mai jita ɗan Amurka, ɗaya na Helmut Zacharias mai gogen Turawa ɗan Jamus, ban huta da tambaya ba. Wani ya ce ina ake samu, wani ya ce nawa ne, wani bawan Allah kuma ya ce shi ya riga ya saya amma sautin kamar ana kaɗawa a cikin randa, me ya faru? To ga shi na zauna na rubuta komai daki-daki yadda nake yi. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne sunan makaɗi a jikin bango bai isa ya sa ka ciro kuɗi ba, kiɗa ɗaya sai ka same shi a bugu ashirin talatin, wani daga asalin tef ɗin situdiyo aka ɗauko, wani kuwa daga tsohon faifai mai ƙaiƙayi aka kwafo aka yi masa sabon bango mai sheƙi.

1. Fara sanin me kake nema takamaimai

Ɗauki biro da takarda ka rubuta sunan kiɗan da kake so, ba sunan mutumin kawai ba. In Hendrix ne, kundi uku ya fitar na situdiyo yana raye: Are You Experienced a 1967, Axis: Bold as Love a ƙarshen 1967, sai Electric Ladyland a 1968, sannan akwai Band of Gypsys na 1970 wanda a gaban jama'a aka naɗa. Ya rasu a Landan a watan Satumba 1970 yana da shekara 27, saboda haka yawancin abin da ka gani bayan waɗannan, bayan ransa aka haɗa shi. In Zacharias ne, yawanci abu biyu mutane ke nema, Tokyo Melody na 1964 wanda BBC ta yi amfani da shi lokacin gasar Olamfik ta Tokiyo, da kuma When the White Lilacs Bloom Again wanda ya yi kasuwa a Amurka a 1956.

Sannan ka yanke shawara tun yanzu, faifan CD kake so ko baƙin faifai na allura. Ni shawarata in ba ka da injin kunna baƙin faifai a gida, fara da CD, ya fi arha ya fi sauƙin aikowa kuma zafi bai cika lalata shi ba.

2. Saurara tukuna, kuma ka leƙa ƙasan shafin

Kafin ka kashe ko sisi, buɗe Spotify ko YouTube ka nemi kiɗan ka ji da abin kunne mai kyau, ba da lasifikar waya ba. A Spotify in ka buɗe kundi ka gangara can ƙasa za ka ga layi biyu ƙanana, ɗaya da alamar © ɗaya da alamar ℗, wato P a cikin da'ira. Wannan ta biyun ita ce ke gaya maka waye mai naɗin sautin da kuma shekara. A na Hendrix na gaskiya za ka ga Experience Hendrix, kamfanin iyalinsa kenan, tare da Sony. A na Zacharias na zamanin da yake tare da kamfanin faya-fayai na Polydor sai ka nemi Polydor ko Universal, tunda Polydor a ƙarƙashin Universal take yanzu. In ka ga wani suna da ba ka taɓa ji ba, da hoton bango na fure ko faɗuwar rana, rubuta shi a gefe, za mu dawo kansa a mataki na 5.

Hattara: kiɗa ɗaya yana iya fitowa sau huɗu biyar a sakamakon bincike, duba tsawon mintocinsa. In ɗaya minti biyu da rabi ne ɗaya kuma uku da wani abu, to ba naɗi ɗaya ba ne. Makaɗa irin su Zacharias da suka daɗe suna aiki sukan sake naɗar kiɗan da ya yi suna bayan shekaru da wata ƙungiyar daban, wanda ka ji a rediyon babanka ba lallai shi ne wanda ke cikin kundin ba.

3. Koyi kalmomin da ake rubutawa a bango

Ba su da yawa amma su ne rabin aikin. In an rubuta reissue, an sake bugawa ne kawai. In an rubuta remastered, an koma kan tef ɗin da aka gama haɗawa an sake gyara fitar sautin, ƙarfinsa da kaifinsa, ba a taɓa tsarin kayan kiɗan ba. In kuwa remix ne, an koma kan tef mai layi-layi an sake haɗa ganga da jita da murya daga farko, wannan yana iya canza kiɗan har ka ji kamar wani ne daban. Mono sauti ɗaya ne ke fita ta lasifika biyun, stereo kuwa hagu daban dama daban.

Wadda za ka guje wa ita ce electronically reprocessed stereo ko wani abu mai kama da haka. Naɗin mono ne aka raba shi da dabara, aka tura kaifi gefe ɗaya nauyi gefe ɗaya aka ƙara amsa-kuwwa, shi ne sautin cikin randar nan da ɗan uwanmu ya yi kuka da shi. Faifan sitiriyo a 1958 ya shiga kasuwa, to in ka ga kiɗan Zacharias na farkon shekarun 1950 an rubuta masa stereo, ka yi shakka.

Kuma kar giram 180 da ake bugawa a sitika ya ruɗe ka. Nauyin robar kenan, faifan ya fi kauri ya fi daɗin riƙewa, amma sautin daga wajen yankan layin kiɗan a jikin faifai yake zuwa. Na ji faifai mai nauyi da sautinsa ya mutu murus, na ji siriri na da can da yake tashi kamar makaɗin yana ɗakin.

4. Na Hendrix: wanne za ka ɗauka

Nan matsalar yawa ce. Iyalinsa sun karɓo haƙƙin kiɗan a 1995, a 1997 aka sake fitar da kundayen ta hannun kamfanin MCA da sa hannun Eddie Kramer, injiniyan da ya yi aiki da Hendrix ɗin kansa a situdiyo, daga 2010 kuma harkar ta koma hannun Sony Legacy. Duk CD ɗin da ka gani daga 1997 zuwa yau da tambarin Experience Hendrix, ba ka faɗa rami ba, halastacce ne.

Sai dai Are You Experienced iri biyu ne tun asali, kuma nan mutane da yawa ke cin karo. Bugun Ingila na kamfanin Track ba shi da Purple Haze, ba Hey Joe, ba The Wind Cries Mary, saboda a can an riga an sayar da su a ƙananan faya-fayai daban. Bugun Amurka na Reprise, mai bango ruwan ɗorawa da hoto zagayayye, shi ke da su ukun, amma shi kuma an cire masa Red House da Can You See Me da Remember. In baƙin faifai za ka saya dole ka karanta jerin waƙoƙin bayan bango ɗaya bayan ɗaya. In CD ne, nemi mai waƙa 17, kamar bugun 1997, ya haɗa duka, ka huta. Masu son mono kuma, a 2013 an sake buga Are You Experienced na Ingila da na Amurka da Axis a baƙin faifai na mono, injiniya Bernie Grundman ne ya yi yankan, ni dai a kunnena gangar ta fi zama daram a wannan, ba ta yawo daga kunne zuwa kunne.

Electric Ladyland faifai biyu ne a baƙi, amma a CD ɗaya yake shiga. Gargaɗi biyu a nan. Na farko, tsohon bugun Ingila hoton mata tsirara ne a bangonsa, shi kansa Hendrix bai so hoton ba, kuma ba abin da za ka so ya shigo gidanka gaban iyali ba ne, ko a buɗe maka shi a gaban jami'an kwastam. Nemi mai hoton fuskarsa ja da ruwan ɗorawa, ko bugun cika shekara 50 na 2018 mai hotonsa da yara a wurin shaƙatawa na Niyok. Na biyu, a tsofaffin bugu gefe na 1 da na 4 suna faifai ɗaya, na 2 da na 3 suna ɗayan, don injinan da can masu sauke faifai da kansu aka yi haka, ba kuskuren ma'aikata ba ne, kar ka mayar wa mai kaya.

Abubuwan da zan ce ka dakata da su sai ka yi nisa: Crash Landing da Midnight Lightning na 1975, waɗanda furodusa Alan Douglas ya goge kiɗan abokan aikin Hendrix na asali ya sa wasu makaɗa suka bi bayan jitar. Sai kuma tarin faya-fayai masu arha da ke ɗauke da babban hoton Hendrix da sunan Curtis Knight ko Lonnie Youngblood a ƙanana, waɗannan naɗin lokacin da yake ɗan amshi ne kafin ya yi suna, ba Hendrix ɗin da kake nema ba ne. In kana son abin da ya bari bai ƙarasa ba, First Rays of the New Rising Sun na 1997 shi ne ƙofar shiga.

5. Na Zacharias: tarkon shekarar 1963

Wannan matakin shi ya fi muhimmanci kuma shi ne ba wanda ya gaya min sai da na yi asara. A Turai da can haƙƙin naɗin sauti shekara 50 ne, daga 2013 aka mayar da shi 70, amma ƙarin bai shafi abin da wa'adinsa ya riga ya ƙare ba. Ma'ana duk abin da aka fitar kafin 1963 ya zama na kowa a can, kowane ƙaramin kamfani yana iya bugawa ya sayar ba tare da ya nemi izinin Polydor ba. Ba sata ba ce a dokarsu, amma fa ba su da asalin tef ɗin, tef yana rumbun mai shi. To daga ina suke samo sautin? Daga tsofaffin faya-fayai, ko daga CD ɗin wani. Hendrix bai shiga wannan ba tunda nasa daga 1966 ya fara, amma Zacharias mafi yawan abin da ya yi suna da shi na shekarun 1950 ya faɗa ciki tsundum, shi ya sa za ka ga akwati mai CD huɗu ko goma a kuɗin da bai kai na CD ɗaya na Hendrix ba.

Wasu daga cikin kamfanonin nan suna aiki da tsoron Allah, su nemo faifai mai tsabta su kwafa a hankali su rubuta ranar naɗi da lambar asali a ɗan littafin ciki. Wasu kuwa injin share ƙara kawai suke sakar wa kiɗan har sai ya cinye komai. Kuma goge shi ne kayan kiɗan da ya fi shan wahala a wannan, saboda daɗinsa yana can sama ne wajen kaifin, inda gashin baka ke gogar tsirkiya kana jin ɗan huci-hucin nan, daidai wurin da ƙarar tsohon faifai take zaune. In aka share ƙarar da ƙarfi sai a tafi da hucin, gogen ya koma kamar usur na roba. Na taɓa sayen irin wannan akwatin, na kunna kiɗan da na sani tun ina yaro a rediyogiram ɗin mahaifina Allah ya jiƙansa, wallahi sai da na duba bango na tabbatar shi ne.

Yadda za ka tantance: duba hoton bayan bango, in akwai rubutu cewa an buga da lasisin Universal ko Polydor, alama ce mai kyau. In akwai sunan injiniyan da ya gyara sautin da shekarun naɗi kusa da kowane kiɗa, ita ma alama ce mai kyau. In ba komai sai jerin sunaye, bar shi. Akwai kamfanin Vocalion na Ingila da ya shahara wajen haɗa tsofaffin kundaye biyu a CD ɗaya na irin wannan kiɗa mai sanyi, su Mantovani da Paul Mauriat, in kana son wannan fannin gaba ɗaya kundin kayansu ya cancanci ka leƙa. Gaskiya kuma ga Zacharias sau da yawa tsohon faifan Polydor na hannu, mai tsabta, ya fi sabon bugun daɗi kuma ya fi arha, don an buga su da yawa a Jamus kuma ba a rububinsu.

6. Nemo ainihin bugun a Discogs

Discogs shi ne babban rumbun bayanan faya-fayai kuma kasuwa ce. Rubuta sunan kundi, buɗe babban shafinsa, za ka ga jerin duk bugun da aka yi da ƙasa da shekara da kamfani da lambar kaya. Lambar kayan nan ita ce shaidarka, tana gefen bango da kan tambarin tsakiyar faifai. Ga CD da sabbin bugu, lambar layi-layin bayan bango ma tana aiki, kwafe ta ka sa a wurin bincike. In ka ga an rubuta Unofficial Release, na bayan fage ne. A shafin kowane bugu akwai farashin da aka taɓa sayar da shi, mafi ƙasa da na tsakiya da mafi tsada, na tsakiyar shi ne ma'auninka, kuma ka karanta abin da masu shi suka rubuta a ƙasa, nan ne za ka ji in wani bugu yana da ƙara ko an yanka shi ba daidai ba.

Na hannu kuma ana ba shi maki biyu, na faifai daban na bango daban. M sabo fil, NM kamar sabo, VG+ an yi amfani da shi amma da kula, VG za ka ji ƙara-ƙara, G kuwa, wato Good, duk da sunan ya sha jiki. Ga Hendrix VG+ ya wadatar, har VG wani lokaci, don ƙarfin jita da ganga yana rufe ƙananan ƙara. Ga Zacharias kar ka sauka ƙasa da VG+, in da hali NM, saboda kiɗan yana da wurare masu shiru da yawa kuma kowane ƙas sai ka ji shi.

In ka leƙa kasuwannin Jamus, ga kalmomi huɗu da za su taimake ka: Schallplatte faifai, Zustand yanayin kaya, Versand kuɗin aikawa, Schellack kuwa tsohon faifai mai gudun 78, wato juyi 78 a minti ɗaya. Wannan na ƙarshen kar ka saya bisa kuskure, yana fashewa kamar tangaran kuma yawancin injinan yanzu ba sa kunna shi. Suna kuma auna faifai da santimita, 30 babba, 25 matsakaici, 17 ƙarami.

7. Lissafin kuɗi da aikowa

A ƙiyasi, sabon baƙin faifai guda na Hendrix yana kaiwa dala 25 zuwa 35, mai biyu ya fi haka, CD kuma dala 10 zuwa 15, tsohon faifan Zacharias na hannu sau da yawa yuro kaɗan ne. Abin da ke karya mutum kuɗin aikowa ne, yana iya ninka kuɗin kayan. Saboda haka kar ka sayi ɗaya-ɗaya, tara uku huɗu a wurin mai sayarwa ɗaya ka ce ya haɗa maka kuɗin aikawa, kuma ka tambaye shi tun kafin ka danna saya ko yana aikawa ƙasarku, da yawa ba sa yi. Duba makinsa da yawan cinikin da ya yi. Biyan kuɗi galibi ta PayPal ne, katin naira wani lokaci ya wuce wani lokaci ya ƙi, mai katin dala ya fi samun sauƙi. Hanyar da ta fi min ita ce a aika gidan wani ɗan uwa da ke Ingila ko Jamus ya taho da shi in zai zo, CD a jaka, baƙin faifai kuma a jakar hannu a tsaye tsakanin kwali biyu, ba a cikin akwatin da za a jefa ƙasan jirgi ba.

In ta gidan waya ko kamfanin aike ne, biya mai lambar bibiya ko da ya fi tsada, ka kuma ware wani abu don kuɗin kwastam. Rubuta wa mai kayan ya cire faifan daga cikin bango ya ajiye shi a gefe cikin rigarsa ta takarda, in ba haka ba girgizar hanya sai bakin faifan ya tsaga bangon. Masu sana'ar sun san wannan, ba za su ji wani iri ba.

8. Ranar da kaya ya iso

Je ka karɓa da wuri, kar ya kwana a shagon da rana ke duka. Kuma don Allah kar ka sa shi a but ɗin mota ka tsaya cefane. Na yi haka a watan Afrilu, awa biyu kacal, na dawo na tarar faifan ya lanƙwashe kamar faranti, allura tana hawa tana sauka, har yau ina jin zafin abin.

Kunna bidiyon waya kafin ka yanka kwalin, ka ɗauka har ka fito da kayan, shi ne hujjarka in an samu matsala. Gwada lambar kaya da wadda ka gani a Discogs. Ɗaga baƙin faifai a hasken taga ka karkata shi, layin da ido ke gani amma farce ba ya ji galibi ba ya ƙara, wanda farce ya kama shi ne matsala. Kusa da tambarin tsakiya inda babu layin kiɗa akwai lambobi da aka karce ko aka buga, su ma ka gwada. CD kuma juya shi, na ma'aikata azurfa ne fari, kuma daga tsakiyar shekarun 1990 yawanci akwai ƙaramin rubutun IFPI a zoben tsakiya. In ka ga kore-kore ko shuɗi, wanda aka ƙona a kwamfuta ne. An taɓa aiko min da irinsa a matsayin na asali, bidiyon nan ne ya dawo min da kuɗina.

9. Injin kunnawa da wutar gida

Garmahon kakanni da ake juyawa da hannu, mai allurar ƙarfe, na faifan 78 ne kaɗai, in ka ɗora masa sabon faifai sau ɗaya ya gama da shi. Ƙananan injinan nan masu kama da akwatin hannu da lasifika a jiki su ma allurarsu tana da nauyi, ban ba ka shawara ba. Na masu farawa da na yarda da shi Audio-Technica AT-LP60X ne, kusan dala 150 zuwa 200, yana gudun 33 da 45, yana da ƙaramin amfilifaya na allura a cikinsa, akwai kuma samfurinsa mai USB. In injinka ba shi da wannan ƙaramin amfilifayan, dole ka sa shi a ramin da aka rubuta phono a jikin rediyo, in ka sa a aux za ka ji sauti can ƙasa-ƙasa ba nauyi. In kuma yana da shi a kunne ka sake sawa a phono, sauti zai fashe, akwai ɗan makunni a baya, duba shi.

Hattara da wuta: kayan Amurka na bolt 120 ne, namu 230, karanta bayan injin ko jikin adaftarsa kafin ka soka. Tsofaffin injinan Amurka da motarsu ke bin bugun wuta na 60, in ka kawo su nan da muke kan 50, ko ka sa tiransifoma gudun zai ragu, jitar ta yi nauyi gogen ya yi kasala. Haka in kana kan ƙaramin janareta mai hawa da sauka, irin waɗannan injinan za su riƙa jan kiɗan, goge kuwa ba ya ɓoye wannan ko kaɗan. Inbata ko sitabilaiza ya fi. Ajiye injin a tebur mai ƙarfi wanda bai karkace ba, nesa da lasifika. Allura tana cinyewa, bayan awa kamar 500 fara tunanin canzawa, in ka sayi inji na hannu kuwa canza ta ranar farko.

10. Wanki da ajiya

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gaba. Sayi burushin faifai mai laushi ka share kafin kowane kunnawa, ka rufe murfin inji in ka gama. Na hannu da ya zo da datti, ruwa tatacce da ƙyalle mai laushi, ka bi layin a zagaye, kar ruwa ya taɓa takardar tsakiya, ka bar shi ya bushe a tsaye a inuwa. Ruwan famfo ko na rijiya yana barin gishiri a cikin layin. In wajen masu batir za ka sayi ruwan, ka ce musu tataccen ruwa zalla kake so kuma ka karanta jikin robar, don akwai mai asid a gefensa a kan kanta ɗaya. Sipirit kar ya kusanci faifan 78, narkar da shi yake. CD kuma daga tsakiya zuwa baki ake gogewa, a miƙe, ba a zagaye ba. Jera faya-fayai a tsaye kamar littattafai, ba a kwance ɗaya kan ɗaya ba, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da bangon da rana ke bugu, kuma ka ɗaga su daga ƙasa saboda damina da gara.

11. Kwafa zuwa kwamfuta da waya

Wannan don amfanin kanka ne, ka saurara a mota ka bar faifan ya huta, ba don a kai wa masu tura waƙa a kasuwa ba. Ga CD, sauke Exact Audio Copy, kyauta ne, sa shi a yanayin secure, ka fitar a FLAC, wato irin fayil ɗin da ba ya rage komai daga sautin, zai gwada kwafinka da na sauran mutane ta AccurateRip ya gaya maka in ya fita daidai. Kundi ɗaya yana cin kamar megabayit 300 zuwa 400. Daga FLAC ɗin sai ka yi MP3 mai 320 don waya, asalin kuma ka ajiye shi wuri biyu.

Baƙin faifai ya fi cin lokaci don a gudunsa ake naɗa, gefe ɗaya kamar minti 20. Wanke shi tukuna. Haɗa injin da kwamfuta ta USB, ko ta ramin line in, ba ramin makirufo ba, buɗe Audacity, shi ma kyauta ne, zaɓi layi biyu da 44100. Nemi wurin da kiɗan ya fi ƙarfi ka gwada, ka rage har ma'aunin ya tsaya wajen -6, in ya taɓa 0 ya yi ja to sautin ya fashe kuma ba gyara, sai ka sake. Hendrix zai ba ka mamaki a nan, waƙa ta fara a hankali can tsakiya ta yi tsalle, saboda haka gwada da tsakiyar ba farkon ba. Naɗi gefen gaba ɗaya kar ka tsaya, kar ka taka ƙasa da ƙarfi kusa da tebur, ajiye kwafi ɗaya da ba ka taɓa ba, sannan ka sa alama a farkon kowane kiɗa ka fitar da su a rarrabe. Manyan ƙas-ƙas ɗin ka zuƙo hoton sautin ka gyara su ɗaya-ɗaya da hannu. Maɓallin share ƙara gaba ɗaya kuwa, a kan gogen Zacharias ni ba na taɓa shi sam, in kuma dole ne ka sa kaɗan ka saurara da abin kunne, ka kashe ka kunna ka gwada, da zarar hucin bakan ya fara ɓacewa ka koma baya. A sunan fayil ɗin rubuta kamfani da lambar kaya da shekarar bugun, misali sunan kundi sannan Polydor sannan lambar, don ranar da ka samo wani bugun ka iya jera su biyu ka ji bambancin.